Karatu daga gida: Idan aka rufe makaranta, ina haƙƙin yaro yake komawa?

A watan Mayun 2020, ana tsakiyar kullen korona, na wuni a gidan yayana da ke wata unguwa a bayan garin Kano. Da hantsi sai 'yarsa, wadda a lokacin take aji biyar na firamare, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta ɗauko rediyon mahaifinta da littafin rubutu. Darasin lissafi ake yi a wata tasha.

Malamin ya yi bayani daidai gwargwado, ya karanto tambayoyi, ya ba da ɗan lokaci, sannan ya wuce gaba. Yarinyar ta rubuta abin da ta rubuta, ta miƙo mini littafin ta ce, "Baffa, duba mini, daidai ne?"

Biyu daga cikin biyar ta ci. Kuskure ɗaya ne take ta maimaitawa wajen ɗaukar ragowa, kuma cikin minti kaɗan muka gyara shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar ce kawai aka yi dace akwai wanda zai duba. Mahaifiyarta Islamiyya ta yi, ba ta yi boko ba. Mahaifinta kuwa duk ranar da aka sassauta kulle yana kasuwa, kuma wayar gidan guda ɗaya da ke shiga intanet tana aljihunsa.

A lissafin hukuma, wannan yarinya tana cikin waɗanda "karatu ya isa gare su", tunda akwai rediyo a gidansu kuma ta kunna. A zahiri kuwa ta shafe makonni tana nanata kuskure guda babu wanda ya ce mata uffan.

Haƙƙi ne, ba alfarma ba

Mutane da yawa a nan Arewa suna kallon makarantar gwamnati a matsayin taimako, wato idan gwamna ya gina aji a yi masa godiya, idan bai gina ba a yi haƙuri. Doka ba haka ta ɗauki abin ba.

Sashe na 26 na Sanarwar 'Yancin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya tabbatar wa kowane mutum haƙƙin samun ilimi, ya kuma ce matakin farko ya zama kyauta kuma dole. Yarjejeniyar Afirka kan 'Yancin Ɗan Adam da Al'ummomi ta maimaita haƙƙin a sashe na 17, kuma Najeriya ta mayar da wannan yarjejeniya dokar cikin gida tun 1983. A 2004 aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE, wadda ta wajabta wa gwamnatoci ba kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare.

Inda gizo yake saƙar shi ne kundin tsarin mulkin 1999. An ambaci ilimi a sashe na 18, amma a cikin babi na biyu, babin manufofin ƙasa, wanda sashe na 6 ya ce ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Shekara da shekaru lauyoyin gwamnati suna fakewa da wannan.

Kotuna biyu sun taɓa wannan katanga. A ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, Kotun ECOWAS ta yanke a 2009 cewa tana da hurumin sauraron batun domin ilimi haƙƙi ne da za a iya nema a gaban shari'a, sannan a 2010 ta umarci gwamnatin Najeriya ta cike giɓin kuɗin da ake buƙata domin kada shirin ilimin ya tsaya. A 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta kai, ta ce dokar UBE ta mayar da karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙin da ɗan ƙasa zai iya tilasta wa gwamnati ta ba shi.

Wani abu game da dokar ta UBE: ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi kai ɗansu makaranta, daga jan kunne a karon farko zuwa tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, har Naira 5,000 ko wata biyu idan aka ci gaba. To idan uba ya kai ɗansa ƙofar makaranta ya tarar gwamnati ce ta sa kwaɗo, wa za a ci tara?

A nan ne maganar karatu daga nesa take shigowa. A 1999 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ya fitar da bayani na 13, inda ya fayyace abin da haƙƙin ilimi yake nufi a aikace. Ya ce dole ilimin ya kasance akwai shi, mutum ya iya kai wa gare shi, ya zama mai inganci da jama'a za su karɓa, ya kuma dace da halin da ɗalibi yake ciki. Da ya zo kan batun kai wa gare shi, kwamitin ya ambaci hanya biyu: makaranta a kusa da gida inda yaro zai je lafiya, ko kuma fasahar zamani irin ta karatu daga nesa. Ke nan doka ta yarda da karatun gida a matsayin hanyar sauke nauyi. Amma sauran sharuɗɗan ba su faɗi ba don kawai an koma rediyo ko waya.

Gwajin korona

A watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. Sai a watan Agusta aka bar 'yan ajin ƙarshe suka koma domin jarrabawar WAEC, sauran kuma akasari sai wajen Oktoba. Fiye da wata shida ke nan.

A cikin waɗannan watanni an ga bambancin da ke tsakanin 'ya'yan ƙasa ƙarara. Makarantun kuɗi na manyan birane sun koma Zoom da Google Classroom, masu matsakaicin ƙarfi suka buɗe zaurukan WhatsApp suna tura aikin gida. Jihohi da dama, ciki har da Kano da Kaduna, sun sa darussa a rediyo da talabijin, kuma wannan ƙoƙari ne da ya kamata a yaba. Sai dai shirin rediyo ba ya karɓar tambaya, ba ya duba littafi, bai kuma san wanda ya daina saurare tun mako na biyu ba.

A watan Agustan wannan shekara asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 a duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makaranta, ba su da hanyar samun darasin da ake bayarwa daga nesa. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya adadin ya kusa rabi. Wannan lissafi na waɗanda suke makaranta ne tun farko. Yaran Najeriya da ba sa zuwa ko'ina, waɗanda UNICEF ta daɗe tana cewa sun kai miliyan 10.5 kuma UNESCO ta ƙiyasta su kusan miliyan 20 a 2022 idan aka haɗa da masu shekarun sakandare, su babu abin da aka rufe musu domin dama ba a buɗe ba.

A 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, inda aka zuba darussan firamare da sakandare. Kayan da ke ciki masu amfani ne. Amma kafin yaro ya buɗe darasi na farko sai an samu babbar waya, sai an yi mata caji, sai an sa data, sai kuma mai wayar ya yarda ya bar ta a gida. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta gwamnati. Waɗanda suke da ita a Arewa ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa jihohi da yawa cikin duhu fiye da mako guda. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kusan kashi 50 cikin 100.

Idan doka ta ce karatu kyauta ne, amma sai uba ya sayi waya da data kafin ɗansa ya ga malami, to an dawo da kuɗin makaranta ta bayan gida.

Zamfara, 2021: ba aji, ba sabis

Korona ta wuce. Abin da bai wuce ba shi ne rufe makarantu saboda tsaro, kuma wannan ne ya sa batun ya fi shafar Arewa fiye da ko'ina a ƙasar.

Daga Chibok a 2014 zuwa Dapchi a 2018, sai Ƙanƙara a Disambar 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, Tegina a watan Mayun wannan shekara, har zuwa Kuriga a Maris na 2024, kusan duk lokacin da aka sace ɗalibai mataki na farko da hukumomi ke ɗauka shi ne rufe makarantu, wani lokaci na ƙaramar hukuma, wani lokaci na jiha baki ɗaya. Babu mai hankalin da zai ce a bar yara a bakin kura. Tambayar ita ce me ake ba su bayan an sallame su.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa misali. A ranar 1 ga Satumba, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 70 daga makarantar sakandaren je-ka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnatin jihar ta rufe makarantu. Cikin 'yan kwanaki kuma aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai, daga baya matakin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna.

Ka duba halin yaron da ke Maradun ko Shinkafi a wannan lokaci. Makaranta a rufe. Waya ba sabis. Ko da mahaifinsa attajiri ne mai kwamfuta da sola, babu manhajar da za ta buɗe. Abin da ya rage masa shi ne rediyo, da takarda idan akwai mai kai masa, da kuma wani mutum a unguwa da ya iya karatu.

A ƙarshen Oktoban wannan shekara, yayin da yaran Zamfara ke zaune a gida, Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya karo na huɗu kan Yarjejeniyar Kare Makarantu, wadda Najeriya ta sa wa hannu tun 2015. Ɗaya daga cikin alƙawuran da ke cikinta shi ne tabbatar da cewa karatu ya ci gaba ko ana cikin rikici.

A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata a riƙa ɗora kowace sanarwar rufe makaranta a kai. Kwamishinan da ya fito ya ce an rufe har sai abin da hali ya yi, ya kamata a takardar ya faɗi tashar da za a sa darasi da ƙarfe nawa, wa zai raba takardun aiki, a ina yaran za su riƙa haɗuwa da malami ko sau ɗaya a mako, da kuma yadda za a bi sawun wanda bai dawo ba ranar da aka buɗe. Malaman nan dai suna karɓar albashi, ko kuma ana bin gwamnati bashinsa. Kuɗi ma akwai inda suke: kashi biyu cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya doka ta ware wa hukumar UBEC, kuma an sha jin hukumar tana kokawa cewa biliyoyin Naira na kwance saboda jihohi sun kasa kawo nasu kason kafin su karɓa.

Ba yau muka fara ba

Masu tallar manhajoji kan yi magana kamar karatu daga nesa da wayar hannu aka haife shi. A ƙasar Hausa ya girmi rediyo ma.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci irin wannan matsala: mata a ƙauyuka masu nisa, akasari masu aure da goyo, waɗanda ba za su iya barin gida su zo gaban malami ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa su jajis, ta ba kowacce malfa a matsayin alamar muƙami. Jaji kan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su koyi darasi cikin waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci domin sauƙin haddacewa, sannan su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje.

Abin lura a tsarin shi ne ba a aika darasi shi kaɗai ba. An aika shi tare da mutum, wanda ya san gidan, ya san wadda ta gane da wadda ba ta gane ba, kuma zai dawo wani zuwan.

Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna ta bi kusan wannan hanya. An kafa ta a 1976, shekarar da aka fara shirin UPE, lokacin da aka cika azuzuwa da yara amma babu isassun ƙwararrun malamai, kuma ba zai yiwu a kwashe waɗanda ake da su a mayar da su kwaleji ba. Sai aka riƙa ba su darussa a rubuce suna karantawa a gida, a ƙarshen mako da lokacin hutu kuma su haɗu da masu koyarwa a cibiyoyi. Malaman firamare da yawa a Arewa ta nan suka samu takardar NCE ba tare da sun bar aji ko iyali ba. Haka ita ma Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989, ta yi amfani da shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Tarayya Kaduna tare da ƙungiyoyin masu saurare, domin a samu wanda zai tattauna abin da aka ji bayan an rufe shiri.

Inda abin ya buɗe ƙofa

Ba adalci ba ne a yi ta lissafa gazawa a manta da waɗanda karatu daga nesa ya fitar daga ƙunci. A matakin jami'a an ga amfaninsa a fili.

Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. Shi kansa Obasanjo bayan ya sauka ya koma ɗalibi a can har ya kai ga digirin digirgir. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan Kano, shi ne ya shugabance ta. Tana da cibiyoyin karatu sama da 100 a faɗin ƙasar.

Wanda ya taɓa leƙa ɗaya daga cikin cibiyoyin a lokacin jarrabawa ya san irin mutanen da ke wurin: matar aure da goyo a baya, ɗan sanda da ya fito daga aikin dare, ɗan kasuwa, ma'aikacin ƙaramar hukuma mai furfura. A 2020 da 2022, lokacin da yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati wata tara da wata takwas, ɗaliban NOUN sun ci gaba da karatunsu. Jami'ar tana kuma da cibiyoyi a wasu gidajen gyaran hali, irin su Kuje da Kirikiri, inda fursunoni ke karatu ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Idan ana neman hujjar cewa ilimi haƙƙin ɗan Adam ne ba ladan kyawun hali ba, to ga ta nan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ta buɗe tata cibiyar karatu daga nesa.

Duk da haka, hatta a nan sai da aka yi fama. Shekaru da dama waɗanda suka gama NOUN ba sa tafiya bautar ƙasa, an kuma daɗe ana taƙaddama kan ko masu digirinta na shari'a za su shiga makarantar horar da lauyoyi, har ta kai an yi wa dokar jami'ar gyara a 2018. Ƙasa ta ba mutum hanyar karatu, sannan ta riƙa yi wa takardar da ya samo kallon ta biyu.

Akwai kuma bambancin da bai kamata a tsallake ba. Ɗalibin NOUN babba ne, shi ya kai kansa, ya iya karatu da rubutu, ya san abin da yake nema. Yaron aji biyu da bai gama haɗa baƙi da wasali ba, ba za a miƙa masa waya a ce ya koyar da kansa ba. Gwargwadon ƙanƙantar yaro, gwargwadon buƙatarsa ga mutum a kusa. Sannan makaranta ga yarinyar ƙauye ba wurin darasi ba ne kawai. Ita ce hujjar da mahaifi ke bayarwa idan dangi suka fara maganar aure, ita ce ke raba ta da tallar yini guda. Idan aka rufe wata shida, a gidaje da yawa wannan hujja ta tafi.

Akwai wani haɗari kuma da nake hangowa. Karatu daga nesa yana da arha idan aka kwatanta da gina aji, ɗaukar malami da tsare makaranta. Gwamnatin da ta gaji za ta iya sayen 'yan allunan kwamfuta, a yi bikin ƙaddamarwa a babban birnin jiha, a ɗauki hoto, a ce an magance matsalar yaran da ba sa zuwa makaranta. Yaron birni ya ci gaba da zama gaban malami, na ƙauye a bar shi da lasifika.

'Yar yayana ta koma makaranta a Oktoban 2020, kuma yanzu tana babbar sakandare. A cikin 'yan matan layinsu huɗu da suke tafiya tare kafin kulle, uku ne suka koma. Ta huɗun an tura ta wurin wata gwaggonta taya aikin abincin sayarwa da nufin za ta dawo idan an buɗe, kuma har yau tana can. Da na tambayi wani malaminsu ko akwai wanda ya zo daga ofishin ilimi neman sunayen waɗanda ba su dawo ba, sai ya ce shi dai ba a taɓa tambayarsa ba, amma sunanta yana nan a tsohuwar rajista.